Wa Ya Cancanci Lamba? Nazarin Taƙaddamar Lambobin Yaƙi a Rundunar Sojan Birtaniya, 1945 zuwa 2022

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci taƙaddamar da ke tasowa tsakanin tsofaffin sojoji da gwamnatinsu a kan wanda ya cancanci lambar yabo bayan an dawo daga aiki a ƙasar waje. An ɗauki Birtaniya a matsayin abin nazari saboda ta daɗe tana tura dakaru ƙetare, kuma rigingimun lambobinta suna nan a rubuce cikin muhawarar majalisa da sanarwar gwamnati. An duba batun Mashigin Suwez, da ayarin jiragen ruwan Aktik, da yaƙin Fokland, da kwashe mutane daga Kabul, da lambar da Malesiya ta bayar. Maƙalar ta gano cewa saɓanin yakan taso ne daga iyakokin da hukuma ke shatawa, wato sunan da aka ba aikin, da taswira, da yawan kwanaki. Ta kuma gano cewa rashin hanyar ɗaukaka ƙara mai zaman kanta ya sa mai ƙarfin murya a siyasa ne kaɗai ke samun gyara.

1.0 Gabatarwa

Lambobin soja iri biyu ne manya. Akwai lambar bajinta, wadda ake ba mutum ɗaya saboda wani abin jarumta da ya yi, akwai kuma lambar halartar yaƙi, wadda ake ba duk wanda ya yi aiki a wani fili cikin wani lokaci, daga janar har kuku da direba. A kan ta biyun wannan maƙala ta tsaya, domin ita ce ta fi shafar jama'a da yawa, ita ce kuma ta fi haddasa ƙorafi.

A kasuwa ƙarfen lambar ba shi da wata daraja ta a zo a gani. Amma ga soja, shi ne shaidar da gwamnati ta sa wa hannu cewa ya je, ya kuma sha wuya. Ranar tunawa da mazan jiya, ƙirjin mutum ake karantawa kafin a ji ta bakinsa. Wanda ya tsaya ƙirji wayam a gefen abokin da suka kwana a rami ɗaya, don kawai kwanakinsa sun gaza da biyu ko uku, ba zai taɓa yarda an yi masa adalci ba. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ya sa irin wannan taƙaddama ke ɗaukar shekaru hamsin ko saba'in ba ta mutu ba, alhali an kafa ƙa'idoji musamman don a rufe ta da wuri?

2.0 Yadda Tsarin Yake

A Birtaniya, basarake ne ke ba da lamba, amma bisa shawarar wani kwamiti na manyan jami'an gwamnati da na fada da ke kula da lambobin girmamawa. Kwamitin ya daɗe yana aiki da ƙa'idoji uku.

Ta farko ita ce haɗari da wahala. Ba a ƙirƙiro lamba sai aikin ya ƙunshi barazana ga rai daga abokan gaba, da kuma wahalar da ta zarce wadda soja ya saba sha a bariki ko wajen atisaye. Ta biyu ita ce ƙa'idar shekara biyar: idan shekaru biyar suka wuce bayan kammala aiki, ba a sake waiwayar batun lambarsa. Ta uku ita ce hana lamba biyu a kan aiki ɗaya, ko da ta biyun daga wata ƙasa ta fito.

Idan an amince da lamba, sai a rubuta sharuɗɗanta: daga wace rana zuwa wace rana, a cikin wane yanki, kuma na tsawon kwana nawa. Kwana talatin a jere shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a zamanin nan. Ga ƙananan yaƙe-yaƙe kuwa, sau da yawa ba a yin sabuwar lamba. Akwai lambar aiki ta gama-gari, sai a maƙala wa ƙyallenta ɗan siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan filin dagar. A wannan maƙala za a riƙa kiran wannan ƙarfe maƙali.

3.0 Sunan da Aka Ba Aikin: Mashigin Suwez

A watan Oktoba na 1951 gwamnatin Masar ta soke yarjejeniyar 1936 wadda ta ba Birtaniya damar girke dakaru a yankin Mashigin Suwez. Birtaniya ta ƙi fita, ta ma ƙara yawan sojojinta har suka kai kimanin 80,000. Daga nan aka shiga shekaru uku na kwanton ɓauna, da harbin ɗauki-ɗai-ɗai, da dasa nakiyoyi a hanya. Ranar 25 ga Janairu, 1952, dakarun Birtaniya suka far wa barikin 'yan sanda a Isma'iliyya, aka kashe 'yan sandan Masar kusan hamsin, washegari kuma tarzoma ta cinye tsakiyar Alƙahira da wuta. Ba a samu lafawar lamarin ba sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar janyewa ranar 19 ga Oktoba, 1954.

Duk da haka, sojojin suka koma gida ba lamba. Yawancinsu samari ne da aka ɗauka aikin soja na dole. A daidai wannan lokaci takwarorinsu da ke Koriya da Malaya da Kenya sun samu nasu. Abin da tsofaffin sojojin suka yi ta faɗa shi ne siyasa ce ta danne batun: ba da lamba tamkar amincewa ne a rubuce cewa Birtaniya ta yi yaƙi a cikin ƙasar da take cewa ƙawarta ce. Duk lokacin da suka kai kuka, amsar ɗaya ce, shekara biyar ta wuce.

Sai bayan rabin ƙarni aka kafa ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Janar Lord Guthrie, tsohon babban hafsan tsaro. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne gano cewa tun asali ba a taɓa zama an duba batun yadda ya kamata ba. Ke nan ƙa'idar da aka ce tana kare hukuncin mutanen da suka san lamarin da idonsu, a nan babu wani hukunci da take karewa. A 2003 gwamnatin Tony Blair ta sanar da maƙali ga duk wanda ya yi kwana talatin a yankin tsakanin 16 ga Oktoba, 1951 da 19 ga Oktoba, 1954. Saurayin da ya je yana da shekara goma sha tara ya karɓa yana da saba'in, in yana raye.

4.0 Taswira da Ƙidayar Kwanaki

4.1 Ayarin Jiragen Aktik

Daga Agustan 1941 zuwa Mayun 1945, ayari 78 na jiragen ruwa suka yi zirga-zirga tsakanin Birtaniya da Aisilan da tasoshin Murmansk da Arkanjel na Tarayyar Sobiyet, ɗauke da makamai da abinci. Hanyar ta bi ta gefen Nowe, inda Jamusawa ke da sansanonin jiragen sama da jiragen ƙarƙashin teku. Ruwan da ya fantsamo kan jirgi nan take yake daskarewa, har sai ma'aikata sun fita da guduma da gatari suna farfasa ƙanƙarar, don kada nauyinta ya kifar da jirgin. Hannun da ba safa idan ya taɓa ƙarfe sai ya manne. Wanda ya faɗa teku kuwa, mintuna kaɗan ne tsakaninsa da ajali. A watan Yulin 1942, ayari ɗaya mai lamba PQ17 ya yi asarar jiragen dakon kaya 24 daga cikin 35. Jimilla, mutum kusan 3,000 suka halaka a wannan hanya.

Bayan yaƙi aka ce aikin nasu yana ƙarƙashin Tauraron Atilantika, lambar da ke buƙatar wata shida a kan teku. Ƙorafinsu biyu ne: cewa tekun da suka ratsa wani fili ne daban mai nasa abokan gaba da nasa bala'i, da kuma cewa sharaɗin wata shida ya bar wasu a waje. Da yawa suna ganin Yaƙin Cacar Baka ne ya sa aka yi shiru, tun da wanda aka kai wa ɗauki jiya ya zama abokin hamayyar yau. A 2006 aka fara raba musu wata 'yar alama ta maƙalawa a riga, wadda ba ta kai matsayin lamba ba, abin da bai kashe maganar ba.

A 2012 Firayim Minista David Cameron ya ɗora wa Sir John Holmes, tsohon jakada kuma tsohon babban jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, aikin sake duba tsarin lambobin soja. A Disambar shekarar aka sanar da Tauraron Aktik, sharaɗinsa kuma shi ne yin aiki a arewa da da'irar Aktik komai gajartar lokacin. Kwamanda Eddie Grenfell, wanda ya tsira daga nutsewar jirginsa a 1942 ya kuma jagoranci fafutukar shekara da shekaru, ya karɓi tasa a Maris na 2013 a Portsmouth, saboda rashin lafiya ya hana shi zuwa Landan. Ya rasu bayan wata uku yana da shekara 93. Ga mafi yawan abokan tafiyarsa, ihu ne bayan hari, 'ya'ya da jikoki ne suka karɓa.

4.2 Fokland

A yaƙin 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, lambar Kudancin Atilantika ta kasu biyu. Wanda ya yi ko da kwana ɗaya a yankin faɗa tsakanin 2 ga Afrilu da 14 ga Yuni, ranar da dakarun Ajantina suka miƙa wuya, yana samun lambar da wata 'yar alama a kan ƙyallenta. Wanda ya yi kwana talatin a yanki mafi faɗi, wanda ya haɗa da tsibirin Asenshin, zuwa 12 ga Yuli, yana samun lambar ba alama. Matsalar ita ce waɗanda suka iso bayan miƙa wuya. Su ne suka tarar da filayen nakiyoyi da tarin harsasan da ba su fashe ba da gawawwakin da ba a binne ba, a tsakiyar hunturu, kuma Ajantina ba ta ayyana ƙarshen gaba a hukumance ba. Wanda ya iso yankin a jajibirin miƙa wuya ya cika talatin zuwa 12 ga Yuli da ƙyar, wanda ya iso bayan miƙa wuya kuwa ba shi da hanya. Sai a 2014, bisa shawarar Holmes, aka tura ranar rufewa zuwa 21 ga Oktoba, 1982.

4.3 Kabul

A Agustan 2021, sojojin Birtaniya fiye da 1,000 suka kwashe mutane sama da 15,000 daga filin jirgin Kabul cikin kimanin mako biyu. Sun tsaya ƙirji da ƙirji da dubban mutanen da ke turmutsutsu a bakin ƙofa, wasu tsamo-tsamo cikin lambatun ruwan ƙazanta suna ɗaga takardunsu sama. A nan ne ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam ranar 26 ga wata, ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kusan 170. Babu mai musun haɗari da wahala a nan, amma lambar Afganistan tana buƙatar kwana talatin, aikin kuma gaba ɗayansa bai kai haka ba. Da jaridu da 'yan majalisa suka taso, a Janairun 2022 aka sanar da maƙali na musamman mai sassaucin kwanaki. Wata biyar kacal aka ɗauka. Bambancin Kabul da Suwez shi ne duniya ta kalli na Kabul kai tsaye a talabijin.

5.0 Lambar da Aka Ce a Karɓa Amma Kada a Rataya

A tsakiyar shekarun 2000 gwamnatin Malesiya ta ƙirƙiro lambar Pingat Jasa Malaysia domin gode wa sojojin ƙasashen renon Ingila da suka yi aƙalla kwana 90 suna kare ta tsakanin 31 ga Agusta, 1957, ranar samun 'yancinta, da 12 ga Agusta, 1966, bayan ƙarewar zaman doya da manja da Indunisiya. Ostireliya da Niyu Zilan suka karɓa ba gardama. A Birtaniya kuwa, ƙa'idar shekara biyar da ta hana lamba biyu suka tare hanya. A Janairun 2006 aka fito da matsayar da ta ba kowa mamaki: tsohon soja zai iya karɓar lambar, amma ba shi da izinin rataya ta.

Wannan hukunci ya fito da rauni biyu. Na farko, mutanen da suka yi sintiri a daji ɗaya a ƙarƙashin Sarauniya ɗaya sun rabu a filin fareti, ɗan Ostireliya ya rataya tasa, ɗan Ingila ya bar tasa a akwati. Na biyu, hujjar lamba biyu ba ta hau kan kowa ba. Maƙalin Malaya na Birtaniya ya tsaya ne a 31 ga Yuli, 1960, wani maƙalin na zirin Malaya kuma bai fara ba sai 1964, don haka akwai waɗanda suka yi aiki a tsakanin nan ba su da wata lamba ko ɗaya. Sai da batun ya kai Majalisar Dattawa a lokacin muhawarar dokar rundunar soja, inda Lord Craig, shi ma tsohon babban hafsan tsaro, ya matsa lamba, sannan gwamnati ta sauko. An ba da izinin ratayawa daga 11 ga Nuwamba, 2011.

6.0 Tattaunawa

Masu kare tsauraran ƙa'idoji suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa idan lamba ta yawaita darajarta za ta zube. Suna cewa waɗanda suka yanke hukunci a lokacin sun fi na baya sanin yadda abin yake, kuma duk inda aka ja layi dole wani ya faɗa a bayansa da kwana ɗaya. Suna kuma tsoron cewa buɗe ƙofa ɗaya zai jawo ɗari. Shi kansa Holmes bai nemi a rushe ƙa'idojin ba. Ya nemi a yi aiki da su da sassauci, a kuma riƙa bayyana dalilin hukunci. Ba kowace buƙata aka biya ba: a 2014 an ƙi amincewa da lambar bai-ɗaya ga duk wanda ya taɓa sa kaki, ma'aikatan jiragen kai harin bam na Yaƙin Duniya na Biyu kuma, waɗanda 55,573 daga cikinsu suka mutu, maƙali suka samu maimakon cikakkiyar lambar da suka nema.

Sai dai misalan da aka kawo sun nuna abubuwa uku. Na farko, zaton cewa hukuncin farko tsarkakakke ne bai tabbata ba. A Suwez ba a yi hukuncin ba ma, a Aktik kuma akwai ƙwaƙƙwaran zargin cewa lissafin diflomasiyya ya shiga ciki. Na biyu, ƙidayar kwanaki ma'auni ne na sauƙaƙa wa ofis aiki, kuma yana gazawa a duk inda haɗari ya taru a ɗan gajeren lokaci. Taswira ma haka take. Matuƙan jirage marasa matuƙi da ke zaune a Lincolnshire suna kai hari a Iraƙi da Siriya ba su taka yankin yaƙi ba, amma su ne ke yanke shawarar harbi, kuma daga baya sai da aka faɗaɗa lambar wannan yaƙi ta haɗa da su ba tare da maƙali ba. Amurka ta gwada ƙirƙiro wa irinsu lamba ta daban a Fabrairun 2013, ta soke ta bayan wata biyu saboda an ɗora ta sama da wasu lambobin fagen fama.

Na uku, kuma mafi nauyi, kusan duk gyaran da aka yi ta ƙofar siyasa ya shigo. Misali na kusa shi ne na waɗanda suka halarci gwajin makaman nukiliya a Ostireliya da tsibiran Fasifik tun daga 1952. Wani ƙaramin kwamitin ba da shawara ya ƙi buƙatarsu a 2020 bisa ma'aunin haɗari da wahala, amma a Nuwambar 2022 Firayim Minista Rishi Sunak ya sanar da lambar tunawa dominsu. Hujjojinsu ba su canza ba a cikin shekara biyu, matsin lamba ne ya ƙaru. Tsarin da ke tafiya haka yana saka wa mai ƙungiya da jarida da ɗan majalisa, ya bar wanda ba shi da su. A nan ne batun ya shafi Afirka ta Yamma. Dubun dubatar sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa, sun yi yaƙi a Bama a runduna ta 81 da ta 82, har yau ma sunayen barikin Chindit a Zariya da na Kaladan a Tamale suna tuna wannan tafiya. Tsohon sojan da ya koma ƙauyensa bayan sallama ba shi da wakili a majalisar Landan, saboda haka duk ƙorafin da yake da shi a kan lamba ko haƙƙi ba shi da hanyar da Grenfell da abokansa suka bi.

7.0 Kammalawa

Ƙa'idar shekara biyar an kafa ta ne don ta kawo ƙarshen gardama, amma da yake ta toshe ƙofar sauraro, sai ta mayar da gardamar zuwa jaridu da majalisa, inda ta daɗe fiye da rayuwar masu ita. Daga wannan nazari ana iya ba da shawarwari huɗu, waɗanda za su amfani Birtaniya da kuma ƙasashe irin su Nijeriya da Nijar da Gana da Chadi, masu tura dakaru aikin kiyaye zaman lafiya, inda lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma take da nata sharaɗin kwana 90.

Na ɗaya, a tilasta wa hukuma ta zauna a kan batun lamba a ƙarshen kowane aiki, ta rubuta hukuncinta da dalilansa ko da ƙin bayarwa ne, domin kada shiru ya zama hukunci. Na biyu, a sanya wa sharaɗin kwanaki mafita tun farko ga ayyuka gajeru masu tsananin haɗari, da kuma waɗanda suka gaji ɓarnar yaƙi bayan tsagaita wuta. Na uku, a kafa kotun ɗaukaka ƙara mai zaman kanta wadda ƙaramin soja zai iya kai kukansa gabanta da kansa. Ostireliya tana da irinta, wadda doka ta tabbatar tun 2011. Na huɗu, a adana rajistar wanda ya je da ranar da ya sauka da ranar da ya tashi, domin duk cancanta a kan wannan takarda take tsayawa, kuma rashinta ƙaramin soja yake fara kayarwa.

Dole ne a ja layi, kuma dole wani ya faɗa a bayansa. Abin da adalci ke nema shi ne wanda aka bari a waje ya san dalili, ya kuma samu inda za a saurare shi tun yana da ƙarfin zuwa da ƙafarsa.